Amalar Gidan Su Rashida

Har in koma ga Allah ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da na je gaida iyayen Rashida a Fagge ba. Rashida Bayarbiya ce haifaffiyar Kano, a shagon yayanta na Kantin Kwari muka haɗu, kuma da gaske aurenta nake nema.

Abin da ban gaya wa kowa ba shi ne ina da olsa. Likita ya hana ni yaji, ya kuma ja min kunne kada in kuskura in kwanta daga gama cin abinci. Amma ni a lokacin gani nake namiji ba ya kai ƙarar cikinsa gidan surukai.

Mahaifiyarta, Alhaja, ta ajiye min amala da jar miya, attarugu har yana sa ido ƙwalla. Ta dube ni ta ce, "Ɗana, kana cin yaji kuwa? Kada ka ji kunya, faɗa min."

"Haba Mama, ai ni da yaji aka yaye ni," in ji ni (Allah Ya yafe min).

Na share kwano tas. Ta ji daɗi, ta ƙaro. Kafin in kai rabin na biyu, bakin cikina ya ɗau zafi kamar an zuba garwashi, ƙwannafi yana taso min har maƙogwaro. Ina gumi ina murmushi.

Ana haka mahaifinta ya dawo daga Sabon Gari. Dama Rashida ta ce durƙusawa ma ta isa, amma ni sarkin neman suna na kwana uku ina koyon gaisuwarsu ta kwanciya rubda-ciki. Na zube ƙasa a gabansa, cikina ya daki siminti. Abin da ya biyo baya ba sai na zayyana ba. Amala dai ta dawo, a kan takalmin Alhaji ta sauka.

Dattijon bai yi faɗa ba. Da kansa ya ɗaga ni yana dariya, ya ce, "Olsa ce ko? Ni ma shekarata goma da ita. Ai tukunyata daban ake yi, babu yaji. Da ka yi magana da tare muka ci."

Alhaja ce ba ta yi dariya ba. Ta ce a hankali, "Na tambaye ka fa. Ka dubi idona ka yi min ƙarya a kan miya. To a kan 'yata fa?"

Na aika manya har sau biyu, ba ta sauko ba. Bara aka ɗaura wa Rashida aure da wani. Har yau abin yana ci min rai, don ita ba ta yi min komai ba.

Yanzu ko gidan suna na je, kafin a buɗe kula nake sanar da jama'a ina da olsa. Mutane har sun gaji da ji. Alhaja da ya kamata ta ji ce kawai ban gaya wa ba.