Ranar Da Na Amsa Wa Madam Tambayoyinta Uku

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na zauna na amsa tambayoyin da ba a yi don a amsa ba, a rubuce, har da lamba ɗaya, biyu, uku.

Lokacin saura wata biyu a tabbatar da ni a aiki a wata ma'aikata a nan Abuja, kuma daraktarmu, wadda kowa ke kira Madam, ita ce za ta sa hannu. Turanci na karanta a jami'a, ban kuma bar kowa ya huta da wannan labari ba. Ko a bas daga Kubwa, rubutun bayan manyan motoci nake gyarawa a zuciyata. (Wallahi har haushi nake ji idan motar ta wuce ban gama ba.)

Sai aka ce in rubuta wasiƙar gayyata zuwa wani taro. Layi biyar ake so, na cika shafi uku. Da azahar Baba Luka, dattijon da ya shekara talatin yana yawo da fayil a ginin, ya dire mini fayil ɗin. Madam ta bi da jan biro, da Turanci: "Wannan aka koya maka a jami'a? Na yi maka kama da mai lokacin karanta littafi? Wai ma wa ya ɗauke ka aiki."

Mai hankali zai rage wasiƙar ya yi shiru. Ni kuwa na ga alamar tambaya har biyu, na ce ai ba a sa ta don ado. Na ɗauki biro. Ta ɗaya: E, a aji biyu aka koya mana, kuma na ci da kyau. Ta biyu: ba ni da masaniya kan yadda Madam ke tsara lokacinta. Ta uku: hukumar ɗaukar ma'aikata, ga kwafin takardata a manne. Ban tsaya nan ba, jama'a. Na lura ta ukun ba ta da alamar tambaya, sai na sa mata da fensir, na rubuta a ƙasa cewa ina kyautata zaton mantuwa ce.

Baba Luka ya leƙa, ya dube ni. "Oga, kai ya rubuta wannan? Madam ba ya tambaya fa. Faɗa ne yana yi."

Na ce, "Baba, wannan harkar boko ce, kai dai kai mata."

Ya ce, "To, Allah ya kyauta," ya rungumi fayil ya tafi. Har yau ina jin kunyar wannan maganar da na faɗa masa fiye da komai.

Ranar Litinin, a taron sashe, mu kusan ashirin, Madam ta gyara tabarau ta buɗe fayil. Ta ce yau Allah ya ba mu farfesa. Ta karanta tambayarta, ta karanta amsata, a hankali, kamar mai karanta labarai a rediyo. Da ta zo kan "ba ni da masaniya", wani mataimakin darakta ya ƙware da shayi, sai da aka bubbuga masa baya. Ta ɗaga kwafin takardar ɗaukata ta nuna wa kowa. Sannan ta miƙo mini jan bironta.

"Zo ka maimaita da biro, Farfesa. Fensir yana gogewa."

Na so ƙasa ta tsage in shige. Na tashi, na je, na zana alamar tambaya a gaban mutum ashirin, ta fito a karkace kamar ƙugiyar mahauta. Daga ranar ko masu gadi Farfesa suke ce mini.

Na yi rantsuwa ba zan ƙara amsa tambayar Madam ba. Da ranar sa hannu ta zo, ta kira ni ofis, takardar tana gabanta. Ta ce, "To, kana ganin ka cancanci a tabbatar da kai?"

Na ce a raina, yauwa, wannan karon ba za a kama ni ba. Na sunkuyar da kai, na yi gum. Ta jira. Ta ƙara jira. Ni kuwa har ina yaba wa kaina.

"Ikon Allah," in ji ta. "Mutumin da bai san ko ya cancanta ba, ni ce zan sani?" Ta rubuta a ƙara mini wata shida.

Abin da na koya a wata shidan nan, digiri bai koya mini ba: tambayar oga, da alama ko babu, ba a takarda ake gane ta ba. Yanzu in fayil ya dawo da jan biro, kafin in taɓa shi sai na tashi tsaye na ce, "Baba Luka, don Allah, wannan tambaya ce ko faɗa?"