Kwandon Hagg Mitwalli

"Lafiya ƙalau, Giddo. Ya jikin naka?" in ji Basant, tana kallon barandar sama, hannunta ɗaya riƙe da igiya.

Hagg Mitwalli ya leƙo daga hawa na huɗu, ya ga kwandonsa ya maƙale a barandar jikarsa. Tun yana saurayi da igiyar nan yake sayayya, kamar kowa a layinsu na Iskandariyya. Ya zura kwando, mai kanti ya cika, ya ja. Amma tun da likita ya hana shi zaƙi, 'yarsa Fawziya ta rantse duk ranar da ta kama abu mai zuma a ciki, almakashi za ta sa wa igiyar. Gwiwoyinsa kuwa sun daɗe da ɓatawa da matakala.

Ya ce wa Basant magani ne a ciki. Ta buɗe takardar da ke cikin kwandon, ta ga yankan basbusa, ta ce ba ta taɓa ganin maganin da ke ɗigar da zuma ba, har da gyaɗa a tsakiya.

"Saki igiyata, 'yar fashi. Duk wahalar da aka sha a kai ki makarantar Turanci, tare hanya kika koyo?"

"Har sunanka na koyo. Inveterate."

Ya tambaya ko zagi ne, don ya san irin ramuwar da zai yi. Ta ce haka Turawa ke kiran wanda hali ya tsufa a jikinsa, ya yi saiwa, ba ya ciruwa. Tsohon ya gyara zaman hularsa, ya ce ashe labarinsa ya kai can, don sallar asuba ba ta taɓa wuce shi ba.

"Ba a faɗa wa mai salla, Giddo. Ɗan caca ake faɗa wa, da maƙaryaci, da tsohon da ke kiran basbusa magani."

"Turawan da ke zuba sukari a wake, su ne za su raɗa min suna?"

Ya ce in maganar saiwa ce, ta duba nata leƙe-leƙen, wanda ta gado wajen kakarta, Allah ya jiƙanta, matar da ke sanin abin da maƙwabta suka dafa kafin su kunna wuta. Ya ƙara da cewa duk wanda ya auri Basant zai mutu bai ɓoye ko ashana ba. Ta ce ta yarda, amma zai mutu da haƙoransa.

Daga cikin ɗakin da ke bayan Basant muryar Fawziya ta taso, tana tambayar da wa ake wannan surutu.

Hagg Mitwalli ya dubi igiyar, ya dubi ƙasa inda mai kanti ya sunkuyar da kai kamar bai san kowa ba. A hankali ya miƙa hannu, ya yanka iska gida biyu, alamar su raba daidai. Basant ta girgiza kai. Ya yanka gida uku, ya nuna mata yatsu biyu.

"Da Giddo ne, Mama. Maganinsa ne ya iso."

Kwandon ya hau ba nauyi. Abin da ya tarar a takardar bai kai babban yatsansa ba, gyaɗar ma an cire. Ya yi dariya ba sauti har kafaɗunsa na rawa, ya ci a tsaye, ya lashe takardar.

Washegari yanka biyu ya ce a sa masa, kowanne a takardarsa.