Yadda Za Ka Ci Gaba da Zama Baturen Tsakar Gida

A aljihun Alhaji Nu'uman na unguwar Biafra da ke Treichville akwai biro uku, ko ɗaya ba ya rubutu. Duk da haka maƙwabta Tonton Angile, wato Kawu Mai Turanci, suke kiransa, don a Treichville, inda Faransanci ake yi, an yi imani duk wanda ya fito daga Najeriya da Turanci aka yaye shi. Kai ma haka aka ɗauke ka? Bi hanyarsa, sunanka ba zai zube ba, na lamunce maka.

1. Karɓi littafin da hannu biyu

Maƙwabciyarsa Tanti Akisi ta turo 'yarta da aikin makaranta na nahawun Turanci: a ja layi ɗaya ƙarƙashin gajeren firediket, biyu ƙarƙashin cikakke. Kada ka ce "mene ne shi?" Sa tabarau. Ka ce, "Har yanzu ana koyar da wannan?"

2. Sa yarinyar ta yi bayani

Ka ce gwada ta kake yi. Za ta ce gajeren shi ne aikatau kaɗai, cikakken kuwa aikatau da duk abin da ya biyo shi. Gyaɗa kai a hankali. Mai ilimi ba ya saurin gyaɗa kai.

3. Kama jimlar da faɗa

Alhaji ya sa an fassara masa ta farko: akuya ta cinye sabon takalmi a kasuwa.

"Akuyar wa?"

"Tonton, misali ne."

"Shekara nawa ina sayar da takalmi a kasuwar Adjame, akuya ba ta taɓa ci ba. Ki gaya wa malaminku."

4. Ja layi ko'ina

Idan an matsa, ari fensir ka zizara tun daga farkon jimla har ƙarshe. Amsar dai tana ciki.

5. Kada ka aika saƙo

Nan ne gwanin namu ya yi tuntuɓe. Yarinyar ta isar da maganar akuya. Ran Lahadi sai ga Tanti Akisi da wani dogo mai jaka, tana kwaɗa kira: "Tonton Angile, fito! Ga malamin, ɗan Gana ne, yau sai ku sha Turancinku!" Mata suka jawo kujeru.

Mai wannan rubutu ba ta ɗauki alhakin sifilin kowa a makaranta ba, balle na baƙo daga Gana. Abin da ta gani ta taga kawai, Alhaji ya ɗauki buta, ya bi ta bayan igiyar shanya, takalmansa a hannu.