Rasuwar Shuɗiya, Motar Littattafai

Da zuciya cike fal da baƙin ciki, tare da miƙa wuya ga abin da babu makawa a kansa, direban motar littattafai ta ɗakin karatun jiha, wanda abokan aiki ke kira Sannu-Sannu, a madadinsa da na Malama mai kula da katin aro, yana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar abokiyar aikinsa, Shuɗiya. Ta cika ranar Talatar da ta gabata da misalin ƙarfe goma sha ɗaya na safe, a kan hawan tudun da ke gab da zangonta na ƙarshe, bayan doguwar jinya. Ta rasu tana da shekara talatin da ɗaya, ashirin da huɗu daga ciki a hannunsa.

Ga waɗanda ba su san marigayiyar ba, doguwar mota ce mai launin shuɗi, wadda aka cire wa kujeru aka kafa mata kantoci hagu da dama, kowace kanta da siririn katako a gabanta don kada littattafai su zubo in an shiga gargada. Aikinta ɗaya ne: ta kai littafi inda babu ɗakin karatu. Tana da zango goma sha tara, kowanne tana ziyartarsa sau ɗaya a sati biyu. Akwai ƙofar makarantar firamare, akwai bakin asibitin ƙauye, akwai gidan gyaran hali, akwai kuma gindin wata bishiya da ba kowa zai gane zango ba ne sai ya ga an share wurin an shimfiɗa tabarmi.

An shaidi marigayiyar da haƙuri da rashin gaggawa. Ba ta taɓa tsere da kowa a hanya ba, kuma daga wannan hali nata ne direbanta ya samo laƙabinsa. Da safe sai ta yi tari uku, kyaf, kyaf, kyaf, ta ɗan yi shiru kamar mai tunanin ko yau ma za a je, sannan ta ce gurrr, duk jikinta ya ɗauki rawa. In ta doso gari takan yi sallama da ham ɗinta, faaam-fam, doguwa da gajera, kuma mutanen zangunanta sun bambance wannan murya da ta kowace mota. Matar direban takan ce, mutumin da ke jin canjin tarin mota daga bayan katanga shi ne ya kasa jin famfon gidansa da ya yi wata uku yana ɗiga. Bai taɓa musa mata ba.

Ranar da aka damƙa masa makullinta, karatunsa bai wuce na allon hanya da takardar mota ba. Amma direban motar littattafai zaman jira ya fi tuƙi yawa a aikinsa, awa biyu a nan, awa uku a can. Wata rana ya miƙa hannu baya ya jawo wani ɗan littafi mai hotuna don ya kashe lokaci. Cikin shekaru ya cinye kantar tarihi kaf, ya gangara ta labarai, har ta kai in Malama na fama da layi, shi ke ce wa mai nema, “Duba ta uku daga ƙasa, mai jan bango, amma shafin ƙarshe ya yage, zo in gaya maka yadda aka ƙare.”

Ciwon ajalinta ya fara ne shekara biyu da suka wuce, da ɗan hayaƙi fari-fari da ba a ɗauka a bakin komai ba. Daga nan sai shan baƙin mai, sai zafin jiki, sai ta fara kwana a garejin bakanike fiye da yadda take kwana a gida. Bakaniken, wanda ya san cikinta kamar aljihunsa, ya goge hannu da tsumma wata rana ya ce, “Maigida, ni dai na yi iya yina. Inji take so, ba lallashi ba.” Direban ya rubuta wa hedikwata takarda har sau huɗu, da hannunsa, Malama na gyara masa. Kowace an karɓa, an buga mata hatimi, an sa a fayil.

A watan jiya ne aka kira taron ma'aikata don jin rahoton shekara. Labari ne mai daɗi ga mafi yawan jama'a. Tun da aka zuba kwamfutoci a babban zaure aka sa intanet kyauta, masu zuwa sun ninka, ajin koyon kwamfuta na ranar Asabar har rubuta suna ake yi a jira. Aka tafa. Sai aka zo shafin motar littattafai, inda layin da ke nuna yawan masu aro ya yi ta gangara kamar an sake shi daga kan tudu. Masu aro sun ragu da kusan rabi, don haka kwamiti bai ga dalilin sayen sabon inji ba.

Direban bai saba magana a taro ba, amma ya miƙe, hularsa a hannu.

“Ranka ya daɗe, ba mutane ne suka daina zuwa ba, mu ne muka daina zuwa. Bara sati goma sha ɗaya tana kwance. Sannan kati ɗaya da kuke gani, a can gida guda ne. Littafi ɗaya sai ya zaga hannu goma kafin ya dawo.”

Daraktan ɗakin karatun mutumin kirki ne, kuma bai ɗaga murya ba. Ya cire tabarau ya murza ido ya ce, “Na yarda da kai, Malam. Amma hannu goman nan ba sa cikin takarda, ni kuwa takarda zan nuna wa na sama da ni.”

Direban ya koma ya zauna. Tun daga ranar yake ta juya maganar a ransa, yana samo amsoshin da ya kamata ya bayar, bayan taro ya riga ya tashi.

Ranar da abin ya faru, sun nufi zango na goma sha tara, gindin bishiyar nan. Shekara guda ke nan Malama na koyar da wasu mata goma sha huɗu karatu a wurin, yawancinsu sun aurar da 'ya'ya, wasu da jikoki a baya. Sun sauke littafi na ɗaya, ranar za a raba musu na biyu, kwali biyu cike a bayan mota. Da safen Shuɗiya ta yi tari bakwai maimakon uku. Direban ya ji, ya dubi Malama, Malama ta dubi taga.

Ta yi tafiyar lafiya har gindin tudu. Ya sa mata giya ta ɗaya, yana shafa sitiyari yana cewa, “Daure, 'yar gari, saura kaɗan.” A tsakiyar hawan sai ta yi wata ƙara da bai taɓa ji ba, ƙwas, kamar an karya busasshen ice a cikinta. Ta yi gurr, gurr, a hankali, sannan shiru. Ya ja birkin hannu, ya sauka ya sa mata duwatsu a bayan tayoyi. Da ya leƙa ƙarƙashinta ya ga baƙin mai na bin kwalta yana gangarawa, bai ma buɗe inji ba. Ya tsaya riƙe da murfin da ɗumi bai gama barinsa ba, har Malama ta ce, “Baba, suna jira fa.”

Suka ɗauki kwali ɗai-ɗai a ka, shi da shekara hamsin da tara, ita da takalmin ofis, suka taka kusan awa guda cikin rana. Matan na zaune a tabarmi, sun ga mutane babu mota, suka miƙe tsaye. Aka ba su ruwa, aka raba littattafai, aka yi darasi kamar kullum. Babbar cikinsu, wata tsohuwar ungozoma da ta karɓi haihuwar rabin garin amma sai bana ta iya rubuta sunanta, ta buɗe sabon littafin ta karanta layin farko ita kaɗai, tana bi da yatsa, ba tare da ta tsaya ba. Da za su tafi ta riƙo hannun rigarsa.

“Ɗan nan, ina Shuɗiya?”

“Tana can kan tudu, Inna, ta ɗan gaji.”

“To a gaishe ta. Sai sati biyu ke nan?”

Ya san amsar. Ya dubi littafin da ta rungume a ƙirji, ya ce, “Sai sati biyu, Inna.”

Wannan kalma ita ce ta fi damunsa a cikin rashin nan, fiye da takardar da aka miƙo masa jiya cewa daga wata mai zuwa an mayar da shi bakin ƙofar babban zaure, yana karɓar jakunkunan masu shiga yana ba su lamba.

Marigayiyar ta bar zango goma sha tara babu mai ziyara. Ta bar Malama, wadda aka ba tebur kusa da na'urar buga takardu. Ta bar littattafai ɗari uku da 'yan kai a hannun jama'a, cikin akwatuna da ƙarƙashin matasan kai, ba su da hanyar komawa gida. Ta bar wani ɗaurarre a gidan gyaran hali da ya karanta juzu'i na ɗaya na wani dogon labari, na biyun kuwa yana cikin kwali a sito. Ta kuma bar tayar ko-ta-kwana guda, sabuwa ful, wadda ba ta taɓa taka ƙasa ba.

An riga an yi mata abin da ya kamata. Direban da kansa ya kwashe littattafan cikinta, ya kwance kantocin da sukurdireba ɗaya bayan ɗaya, ya wanke ta ciki da waje duk da an ce masa babu amfani. Yanzu tana kwance a filin bayan ɗakin karatu, kusa da tankin ruwa, inda za a ci gaba da karɓar ta'aziyya daga ƙarfe takwas zuwa huɗu a ranakun aiki. Malama na roƙon duk wanda ke riƙe da littafin marigayiyar da kada ya tayar da hankalinsa. In ya gama ya miƙa wa maƙwabcinsa, a dai kiyaye shi daga ruwa da awaki.

Za a ɗauke ta zuwa makwancinta, wurin masu sayen tsohon ƙarfe da ke bayan tashar manyan motoci, ranar Talata mai zuwa ta sama da ƙarfe goma na safe. Bakanike ne zai jagoranci rakiya. Iyalan na neman afuwar masu zuwa, domin ba za su tarar da direban a wurin ba. Talatar ta yi daidai da ranar zango na goma sha tara, kuma ya nemi hutun yini guda. Zai hau motar haya zuwa mararraba, ya ƙarasa sauran a ƙafa, ya gaya wa ungozoma da sauran matan gaskiya da bakinsa, kafin su gaji da kallon hanya.