Rasuwar Rishon Na'Allah a Kan Dutse

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, Na'Allah mahauci, wanda ya yi shekara goma sha tara a unguwar Kol Kam ta Inugu, yake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar rishonsa. Kitse aka ɗura masa maimakon kananzir, ya mutu. Ya cika ranar wata Juma'a da hantsi, a watan goma na bara, lokacin da aka tashi mutanenmu daga Kudu, a kan wani dutse tsakanin Inugu da Nsukka wanda har yau Na'Allah bai san sunansa ba.

Marigayin na tagulla ne, gajere, ƙafa uku, ba wani kyan gani. Daga Fatakwal ya zo, a hannun wani ma'aikacin jirgin ruwa. Shekara goma sha ɗaya ya yi yana aiki, bai taɓa kwanciya ciwo ba. Buƙatarsa kaɗan ce: kananzir, a buga masa iska kamar sau ashirin, ya yi tari biyu, sannan ya kama, fuuuu. Duk layin mahauta an san wannan muryar, da ita ake gane shayi ya kusa. Babban halinsa kuwa, ba ya hayaƙi. A zaman lafiya wannan ba abin faɗi ba ne. A hanyar gudu shi ne rai.

Su tara suka bar Inugu da ƙafa, don tashar jirgi ba ta shiguwa. Suka kauce wa titi suka bi duwatsu, kowa da ƙunshinsa a ka. Tabawa, matar Na'Allah, ta ce ya yar da wannan ƙarfen ya ɗauki tabarma. Ya ce ta ji da nata kayan. Kwana huɗu marigayin yana dafa musu ruwan kunu a cikin kwazazzabai, ba wanda ya hango su.

A cikinsu akwai Baba Yero, tsohon dillalin shanu daga Anaca. Rana ta biyar ƙafafunsa suka kumbura har takalmi ya ƙi shiga. Aka yanke a huta yini guda. Kowa ya zube inda yake. Mata suka shanya zannuwa a kan dutse, maza suna ciccire ƙaya, ba mai ƙarfin hira. Tabawa ta ce in aka gasa wa tsoho ƙafa da ruwan zafi ya kwanta, gobe zai taka. Kananzir kuwa saura ɗigo.

Na'Allah ya gangara rafi ɗebo ruwa. Gwadabe, abokin sana'arsa, yana da gwangwanin kitsen shanu a ƙunshinsa, don mahauci ko gudun mutuwa yake ba ya barin kitse a baya. Ya ajiye shi kan dutse rana ta narkar da shi. Ya ce abin da yake ci a fitilar aci-bal-bal zai ci a risho, wuta ai wuta ce, ya ɗura wa marigayin. Tausayin tsoho ne ya sa shi, wannan kam har yau Na'Allah bai musa ba. Amma tausayi ba hankali ba ne. Marigayin ya karɓa don ladabi. Ya ce fut, fut, ya ja wani siririn tsaki, ya yi shiru. Kitse ya toshe masa maƙogwaro. Na'Allah ya dawo ya sa allurar da yake tsokace masa hanci, allurar ta karye a ciki. Abin da ya faɗa wa Gwadabe ba ya shiga sanarwar rasuwa.

Sai aka hura itace, itacen damina, jiƙaƙƙe. Hayaƙi ya miƙe sama. Ruwa bai kai ga tafasa ba wani manomi ɗan ƙasar ya hawo yana haki, ya ajiye musu doya biyu, ya ce samarin da suka tare titi sun ga hayaƙin, su tashi yanzu-yanzu. Allah ya saka wa mutumin nan da alheri. Hutu ya ƙare kafin azahar. Baba Yero bai sami gashi ba, bai sami kwanciya ba. Gwadabe ne ya goya shi.

Marigayin ya bar tukunya ɗaya, da mazurari, da rabin allura. Ya bar Tabawa, wadda tun ranar ba ta sake cewa a yar da shi ba. Ya bar Na'Allah, wanda ya ɗauko gawar a ka har Kano, nauyin banza, ta shekara a ƙarƙashin gado. Maƙera uku sun duba, sun ce a haƙura.

Za a rufe shi ranar Asabar bayan la'asar, a bayan gidan da Na'Allah yake haya a Fagge. Babu salla, malam ya ce ba a yi wa ƙarfe. Babu zaman makoki, an gaji. Mai addu'a ya yi wa Baba Yero, wanda ya cika a bayan Gwadabe kwana biyu bayan nan, ba a kai Otukpo ba, aka rufe shi ba likkafani, ba sanarwa.

Gwadabe ne zai haƙa ramin, shi ya roƙa. Wancan na Baba Yero da wuƙar fawa ya tona shi, bai yi zurfi ba, kuma tun daga ranar bai sake riƙe wuƙa ba. Ya ce wannan a bar shi ya tona da kyau.