Yadda Za Ka Tsere wa Ɗiban Ruwa da Sunan Binciken Kimiyya

Kai matashi, kafaɗarka ta gaji da bokiti? Bi matakan nan, na yi maka alkawari kai da layin famfo sai a labari. Ni na gwada, har yau ana zancena a unguwa.

1. Miƙa kanka

Masu binciken yanayi na neman 'yan sa kai. Za su ba ka dogon kofi mai zanen lambobi ka kafa a tsakar gida. Kullum ƙarfe bakwai na safe ka duba ruwan saman da ya tara, ka tura musu ta waya. Bakwai fa! Daidai lokacin da Mama ke miƙo bokiti.

2. Kafa doka

Ka ɗaure fuska ka ce, "Mama, kimiyya na jirana."

Za ta ce, "To, sannu Furofesa."

Kada ka kula da yadda ta ja sunan.

3. Ranar da ka makara

Za ka makara. Kafin ka fito, akuyar maƙwabta ta shanye binciken tas. Kada ka kuskura ka tura sifili, aikin ragwaye ne. Ɗauko buta ka tsiyaya. Ruwan butar ma ai daga sama ya fito tun asali.

4. Saki hannu

An yaba maka? Ƙara. Sati uku ko yayyafi ba a yi a unguwa ba, amma kofinka kullum maƙil. Mai rowa ba ya suna.

5. Tarbi baƙi

Dakta, shugabar binciken, za ta bugo waya: "Gidanku abin al'ajabi ne! Gobe za mu zo mu gani da idonmu."

Kada ka gudu. Daure. Busasshiyar ƙasa ce za ta tona maka asiri, don haka jiƙa ta. Jiƙa tsakar gida, jiƙa katanga, hau ka jiƙa rufi, akuyar ma kada ka bar ta. Ni bokiti arba'in da biyu na ɗebo, ina yi ina hawaye.

6. Karɓi sakamako

Dakta za ta dubi taɓo, ta dubi sama tangaran, ta leƙa gidan maƙwabta ƙayau. Kafin ta buɗe baki Mama za ta nuna ka:

"Dakta, ga hadarin nan tsaye. Shekara uku yana ce mini bokiti biyu na karya masa baya. Ashe arba'in yake iyawa!"

Dakta za ta tafi da kofinta. Mama za ta sayo sabon tanki.

Gargaɗi: duk abin da ya same ka, kai ka jawo, ban san ka ba. In kuma dole sai ka gan ni, zo layin famfo. Ina nan safe da yamma.