Ranar da Na Kashe Kawu Sale a Bidiyo

Ba zan taɓa mantawa da kakar tumatirin da na kashe Kawu Sale ba, alhali yana nan da ransa da lafiyarsa.

Kawu yayan mahaifiyata ne, manomin rani a Bunkure. Tumatirinsa ya nuna jawur, ga shi kaya ne da ba ya jira. Sai ya ce da ni, "Kai da kullum kanka na kan waya, ɗauke ni a gona ka watsa, dillalai su gani su zo."

Na ɗauke shi tsaye a bakin hanyar ruwa. Da na ɗora sunansa da farin rubutu, sai rubutun ya ɓace cikin farar rigarsa. Nan gwanintata ta motsa. Na shimfiɗa baƙi a bayan rubutun, mai duhu daga ƙasa, yana washewa zuwa sama. Na sa sunan ya fito a hankali, hoton ya tsaya cak inda Kawu ya ɗaga kai sama (shaho yake kallo), sannan komai ya dusashe ya koma baƙi ƙirin. Bayan nan ne kwandunan tumatir suke fitowa. Wallahi ya yi kyau, kuma har yau ina kan bakana.

Abin haushin, ba wanda ya kalla har ƙarshe. Mutanenmu da sun ga fuskar dattijo da sunansa a kan baƙi, shi ke nan, sanarwar rasuwa ce. Suka yi ta turawa suna "Allah ya jiƙansa."

Washegari da hantsi mota ta tsaya daga Garun Malam, Inna Hajara ƙanwarsa ta sauko tana salati tana hawaye. Ta tarar da mamacin a ƙofar gida yana shan fura.

"Yaya! Ashe ba ka mutu ba?"

"Wa ya ce na mutu?"

Ta ɗaga wayarta. Duk mazauna tabarmar suka juyo suka zuba min ido. Na ji kamar in nutse.

Na ce, "Kawu, ai salo ne."

Ya ce, "Salo? Tumatir na ce ka tallata ko gawata?"

Dillalai kuwa ko ƙeyarsu ba a gani ba. Wa zai zo cinikin tumatir gidan makoki kafin sadakar uku? Kafin labari ya gyaru rabin gonar ta ruɓe, sauran ni aka zaunar cikin rana ina yankawa ana shanyawa. Ni da na yi aikin kyauta! Waɗanda suka yi ta turawa ba tare da sun kalla ba kuwa, ba wanda ya ce musu ƙala.

Yanzu na koyi hankali: tumatir a farko, rubutu a kan kore. Duk da haka, da na ɗaga waya sai Kawu ya kare fuska da hula ya ce, "Ɗauki kayan, ni ka bar ni da raina."